Tsintacciyar Mage Ba Ta Mage: Ɗalibin Hausa da Karatun Zauren WhatsApp

Duk wanda ya taɓa leƙa zauren WhatsApp na ɗaliban Hausa a daren jajibirin jarrabawa ya san irin cinikin da ake yi a wannan kasuwa. Wani zai turo hoton shafin littafi da aka ɗauka a karkace, kansa a gutsure, babu sunan littafin balle na wanda ya wallafa shi. Wata za ta turo saƙon murya mai tsawo, inda wani malami da ba wanda ya san ko wane ne yake bayanin giredin aikatau. Na uku zai zubo jerin "tambayoyi da amsoshi" waɗanda suka yi shekaru suna yawo daga waya zuwa waya, duk inda suka yada zango sai sun zubar da wani abu, sun kwashi wani kuskure. Kafin asalatu saƙonni sun yi tsibi. Kowa ya aika alamar godiya, kowa ya adana, kowa ya kwanta da zaton ya yi karatu. Sai an raba takardar tambayoyi da hantsi ido zai raina fata.

Haka abin yake a Yamai da Maraɗi da Damagaram, haka kuma yake a tsallaken iyaka, a Katsina da Sakkwato da Kano. Masu yabon zamani suna kiran wannan ci gaba, suna cewa ilimi ya fito daga kurkukun aji ya shiga aljihun kowa. Akwai gaskiya a maganarsu, amma rabinta suka faɗa. Wayar hannu ta tara wa ɗalibin Hausa rubutun da kakanninsa ba su taɓa mafarkin gani ba, sannan ta zare masa tambaya guda wadda a kanta kowane ilimi yake tsaye: wa ya faɗa, kuma a ina ya samo? Ɗalibin da ya daina yin wannan tambaya, ko da wayarsa ta cika ta batse, tsintuwa yake yi. Tsintacciyar mage kuwa ba ta mage.

Zaure Biyu

Ba banza ba Bahaushe ya ɗauki kalmar "zaure" ya laƙaba wa waɗannan taruka na cikin waya. A zaure ake karɓar baƙo, a nan ake fira, kuma a nan aka san ana ɗaukar karatun ilimi a ƙasar Hausa. Sai dai sunan kawai aka aro, aka baro ladabin a baya. A zauren malam, almajiri yakan zo da littafinsa, ko Ahalari ko Iziyya ko Risala, ya karanta gaɓa, malam ya fassara ya warware, in ya yi tuntuɓe a gyara masa nan take. Ba a ƙara masa sai ya biya na jiya. Ranar da ya sauke littafin ya san a gaban wa ya karanta shi, malaminsa ma ya san nasa malamin, har salsala ta tuƙe ga mawallafi. Abdullahi ɗan Fodiyo ya ɗauki wannan da girman da har ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, don lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Yayansa Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, sai da ya taka har Agadas domin zama gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru.

Mai jayayya zai ce wancan karatun ido da ido ne, na yau kuwa daga nesa ake yin sa, don haka ba a auna su da mudu ɗaya. Amsarsa tana wajen Nana Asma'u (1793–1864). Ita ma ta fuskanci matsalar nisa, domin matan ƙauye ba su da halin barin gidajensu su zo gabanta. Sai ta naɗa jajoji, ta ba kowace malfa shaidar izini, su ɗauki karatu a wurinta su kai wa ƴan taru a ƙauyuka. Wannan ma karatu ne daga nesa, kuma da baki ake isar da shi kamar saƙon murya. Bambancin shi ne an san mai kawo saƙon, an kuma san daga hannun wa ta karɓo. Zauren waya ya fi ƙafar jaji sauri ninkin ba ninkin. Abin da ya rasa shi ne malfar.

A Ba Waya Haƙƙinta

Adalci ne a faɗi alherin da wannan na'ura ta kawo, domin wanda ya musa shi ya zubar da hujjarsa tun kafin ya fara magana. Shekaru talatin da suka wuce, ɗalibin Tawa ko Tasawa da yake son duba kalma a ƙamusun Bargery na 1934 sai ya yi tattaki zuwa babban birni, wataƙila ma ya tarar wani ya ari littafin bai dawo da shi ba. Yau yana iya dubawa daga tabarmarsa. Sashen Hausa na BBC, wanda kakansa ke jira a akwatin rediyo tun 1957, yanzu rubutaccen labarinsa yana zuwa masa kowace sa'a. A zaune ɗaya yana jin Kananci da Sakkwatanci, yana jin Ba'adare yana cewa "munka tahi" inda Bakano ke cewa "muka tafi", yana jin Hausar zangunan Gana wadda bambancin jinsin namiji da ta mace ya yi rauni a cikinta, yana jin ta Garwa da Marwa a Kamaru. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona, waya ce kaɗai gadar da ta rage tsakanin ɗalibai da yawa da malamansu. Marubuta, musamman mata, suna fitar da labaransu a WhatsApp da Wattpad ba tare da jiran maɗaba'a ba, kuma dubban mutane na karantawa.

Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a jefa waya a rijiya. Hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar. Amma yawan alherin abu ba ya hana a tuhumi yadda ake amfani da shi.

Tarawa Ba Karatu Ba Ce

Cuta ta farko ita ce ɗalibi ya rikita mallaka da sani. A wayarsa akwai Magana Jari Ce juzu'i uku, akwai Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Jiki Magayi. A tambaye shi abin da ke cikinsu, sai ya zaro taƙaitawar rabin shafi da wani ya turo. Ya haddace cewa an yi gasar ƙagaggun labarai a 1933 ƙarƙashin Rupert East, amma bai taɓa zama ya ɗanɗani Hausar Abubakar Imam shafi ashirin a jere ba. Wanda bai ɗanɗani Hausar magabata ba, da wane ma'auni zai gane tasa ta yi lami?

A da, ko kwafar darasi da hannu wani mataki ne na karatu, domin kalma sai ta bi ta ido, ta ratsa ƙwaƙwalwa, kafin ta sauka ta alƙalami. Turawa gaba kuwa babban yatsa kaɗai take buƙata. Darasi yana iya ratsa wayoyi hamsin ba tare da ya ratsa kai ko ɗaya ba.

A kuma tuna cewa waɗannan dandali ba don karatu aka gina su ba. Yawancinsu da talla suke cin abinci, ribarsu kuwa tana cikin daɗewar ido a kan allo. Shi ya sa aka ƙera su yadda kowane saƙo zai tsinke wanda ya gabace shi, kowane gajeren bidiyo ya jawo na bayansa. Nahawu kuwa ba ya son tsinkewa. Tsarin giredin aikatau bakwai da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960 yana buƙatar sa'a guda ta natsuwa, da takarda da biro, ɗalibi yana juya saya da saye da sayar da sayo da sayu, yana saurarar karin sautin kowanne da tsawon wasalinsa na ƙarshe, har kunnensa ya kama abin da ke sauyawa. Ba a samun wannan tsakanin hoton biki da barkwancin TikTok.

Cuta ta biyu ta fi ta farko muni, domin tana yaɗuwa. Malami in ya yi kuskure a aji, ɗalibansa kaɗai ya shafa, kuma gobe ana iya tarar da shi a ofis a ce: "Malam, an duba littafi, ba haka aka gani ba." Kuskuren zaure ba shi da uba. A ɗauka wani ya rubuta cewa Abubakar Imam ne ya wallafa Shaihu Umar, saboda sunan fari ya ruɗe shi, alhali Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. Wa za a tarar a gyara wa? Kafin gyara ya ɗaura takalmi kuskuren ya tsallaka iyaka uku, kuma yawan ganinsa a zauruka daban-daban shi zai sa ɗalibi ya ɗauke shi tabbas, alhali ƙarya ɗaya ce aka maimaita.

"Ai An Gane"

Babu kalmar da ta yi wa rubutun Hausa ɓarna a wannan zamani kamar "ai an gane". Da ita ake kare duk wata kasala. A rubuta "ya bata kudi", mai karatu ya tsaya yana duba: kyauta ya yi, wato ya ba ta kuɗi, ko almubazzaranci ya yi, wato ya ɓata kuɗi? A rubuta "baki sun cika gidan", a bar mutum ya zaɓa tsakanin baki da baƙi. Fada da faɗa, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, kara da ƙara, duk an zuba su a tukunya ɗaya. Ba a raba "a kan" na wuri da "akan" na sabo, ba a raba "ya ƙi" da "yaƙi". Masu ɗan sauran kunya su ne ke sa lamba 6 a madadin ɓ, ko q a madadin ƙ, waɗanda aƙalla sun nuna kunnensu ya ji bambancin.

Ƙugiyar nan da ake rainawa ba daga sama ta faɗo ba. Kafin a tsaya a kanta a shekarun 1930, an gwada ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada maƙala masa waƙafi a gefe. Littattafan da aka buga a Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, su suka zaunar da ita a idon masu karatu. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har Nijar ta ɗan jima tana ninka wasali don nuna tsawonsa. A 1980 aka zauna a Yamai domin daidaita rubutun ɓangarorin biyu, yadda littafin Zariya zai karantu a Damagaram, na Yamai ya karantu a Kano. Wannan gumin na tsararraki shi ake zubarwa don gudun danna harafi na daƙiƙa ɗaya.

Uzurin cewa waya ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya ya daɗe da mutuwa, domin akwai allon rubutu na Hausa da ake saukewa kyauta. Abin mamaki ma shi ne ɗalibin da ba zai yarda ya rubuta Faransanci babu alamomin da ke kan wasula ba, don tsoron jan biron malami, shi ne ke rubuta harshen uwarsa yadda ya ga dama. Matsalar ba ta allo ba ce, raini ne. Ɗan kasuwa da ke ciniki ta waya yana da uzuri in ya yi haka, tun da ba wanda ya koya masa. Ɗalibin Hausa ba shi da shi. Hannu kuma abin da ya saba yake yi: wanda ya yini yana rubuta "bazan iyaba" a waya, ba zai tashi da safe ya raba kalmomin a ɗakin jarrabawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na'urar da Ba Ta Cewa "Ban Sani Ba"

Tun 2013 Google Translate ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, kuma daga ƙarshen 2022, da fitowar ChatGPT da ire-irensa, ɗalibi ya sami abin da zai rubuta masa jinga sukutum cikin ƙiftawar ido. Ƙirƙirarriyar basira tana da amfani ga wanda ya san abin da yake nema, kamar yadda wuƙa ke da amfani a hannun mahauci. Amma irin waɗannan manhajoji suna iya jero sunan littafin da ba a taɓa bugawa ba, su jingina shi ga marubucin da bai san da shi ba, su ƙaga karin maganar da babu tsohuwar da ta taɓa furta ta, duk cikin lafazi mai santsi. Malamin zaure in tambaya ta gagare shi yakan ce a bari a duba. Na'ura ba safai take jin wannan kunya ba. Ga ɗalibin da dama ya daina tambayar wa ya faɗa, wannan ita ce tsintuwa mafi haɗari, domin ta zo da kamannin malami.

Akwai kuma wani zagaye da ba a cika lura da shi ba. Waɗannan na'urori daga rubutun da ke kan intanet suke koyon harshe, rubutun Hausa a can kuwa kaɗan ne in an gwada da na Ingilishi ko Faransanci. Gurɓatacciyar Hausar da ɗalibi ke watsawa yau tana iya komowa gobe ga ƙanensa a matsayin daidaitacciya. Abin da aka shuka shi ake girba.

Laifin Ba na Ɗalibi Kaɗai Ba Ne

Ruwa ba ya tsami banza. Ɗalibi bai gudu zuwa zauren waya ba sai da aji ya gundure shi. Akwai malamin da ke karanto takardar da ta yi ja don tsufa, wadda shi ma gadonta ya yi, ba ƙari ba ragi. Akwai wanda tambayoyinsa na bana su ne na bara da na bara waccan, sannan ya yi mamakin yadda amsoshinsu suka riga ɗalibai shiga ɗakin jarrabawa. Akwai wanda bai taɓa mayar wa ɗalibi da takardarsa ɗauke da gyara ba, sai dai maki a manne a bango. Akwai ɗakunan karatun da kundayen bincike masu daraja ke jibge a cikinsu, ƙura da gara na rabon gado, ba wanda ya yi tunanin ɗora su inda mai nema zai samu.

Sannan akwai masanan da suka wadatu da tsinuwa. Suna zagin waya a taron ƙara wa juna sani, amma ba su taɓa shiga zaure da sunansu sun gyara kuskure ɗaya ba. Filin da masani ya ƙaurace wa, mai ƙaramin sani ne zai kafa tuta a ciki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Malamin da ya ƙi zama jaji a wannan zamani ba shi da bakin kukan cewa ƴan taru sun bi wani.

Abin da Ke Kan Faifai

Wannan magana ta wuce cin jarrabawa ko faɗuwa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara koyar da yara da Hausa. A watan Maris na 2025, sabon kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ko wane irin ra'ayi mutum yake da shi kan wannan mataki, abu ɗaya a fili yake: za a buƙaci masu rubuta littattafan makaranta, da masu fassara dokoki, da masu tsara takardun asibiti da na kotu. Ba daga wata duniya za a kawo su ba. Su ne waɗannan da ke zaune a zauren WhatsApp a daren jajibiri. Ranar da "ya ba ta" da "ya ɓata" suka rikice a takardar shari'a, ba maki za a rasa ba, haƙƙin wani ne zai salwanta.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba, kuma ba ya jiran kasafin gwamnati. Duk abin da za a tura a zauren ɗalibai ya zo da sunan littafi da na mawallafi da lambar shafi, in saƙon murya ne a faɗi mai maganar, wanda bai cika wannan ba shugaban zaure ya goge shi ba tare da jin nauyi ba. Kowane ɗalibin Hausa ya sa allon rubutu na Hausa a wayarsa, ya rubuta ko gaisuwar safe da ƙa'ida, domin a nan hannu yake koyo. Zaure ya ɗauki littafi guda a wata, a karanta shi daga bango zuwa bango, a zo a yi muhawara a kansa. Wayar da ke naɗar barkwanci tana iya naɗar tatsuniya daga bakin kaka, da izininta, a rubuta garin da ranar da karin harshen, sai ga ɗalibi ya tashi daga mai tsintuwa ya zama madogara ga na bayansa. Malamai kuma su shiga zaurukan da sunayensu, su ɗora rubuce-rubucensu, su riƙa yin tambayoyin da amsar tura-gaba ba za ta iya biya ba.

Matambayi ba ya ɓata, in ji masu iya magana, amma sai in ya san wanda yake tambaya. A daren jajibiri mai zuwa, idan hoton shafi mai gutsurarren kai ya faɗo cikin zaure, ya isa a sami ɗalibi ɗaya da zai dakata, kafin ya aika alamar godiya, ya rubuta: "Daga wane littafi, kuma shafi na nawa?"